Me ya sa ƙuri'un 'yan a-ware suka fi yawa a karkara?

Ɗalibar Siyasa:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Ina rubuta wani aikin makaranta a kan jam'iyyun da suke neman raba yankunansu daga ƙasa ta hanyar ƙuri'a, musamman waɗanda suke tsayawa takara a zaɓen majalisun larduna, kuma na ci karo da wani abu da na kasa warware wa kaina. Duk taswirar sakamakon zaɓe da na buɗe, ko ta lardin Quebec ce a Kanada, ko ta Kataloniya a Sifaniya, ko ta lardunan Alberta da Saskatchewan, sai in ga launin 'yan a-ware ya fi kauri a ƙauyuka da ƙananan garuruwa, ya dushe a manyan birane. A ƙuri'ar raba gardama da aka yi a Quebec a 1995, yankin Saguenay–Lac-Saint-Jean ya bai wa masu son ɓallewa kusan kashi 70 cikin 100, alhali yammacin birnin Montreal ya juya musu baya kusan baki ɗaya. A Kataloniya kuma garuruwa irin su Vic da Berga ne cibiyar masu fafutuka, yayin da unguwannin ma'aikata da suka kewaye Barcelona suke zaɓen masu son zama cikin Sifaniya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a hankalce mutumin karkara ne ya kamata ya fi kowa tsoron raba ƙasa. Shi ne mai gonar da ba ta ɗaukuwa a ƙaura da ita, shi ne kasuwar amfaninsa take iya rufewa idan aka kafa sabuwar iyaka, kuma yankinsa ne galibi ya fi dogara da tallafin da yake fitowa daga baitulmalin ƙasa. An kuma san mutanen karkara da riƙo da abin da suka gada, ba su cika maraba da sauyi na gaggawa ba, ga shi kuwa a siyasa babu sauyin da ya kai yanka ƙasa biyu girma. To mene ne yake kai su ga waɗannan jam'iyyu? Shin da gaske ƙasa suke so ta kansu, ko kuwa saƙo suke aikawa da ƙuri'ar? Ina roƙon duk wanda ya yi nazari a kan wannan ya haska mini hanya.

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki mai kyau ce, amma kafin a amsa ta ina so ki koma baya kaɗan a tarihin Quebec, domin taswirar da kika gani ta 1995 ba haka take ba tun farko. Lokacin da René Lévesque ya kafa jam'iyyar Parti Québécois a 1968, mabiyansa na farko 'yan birni ne: malaman makaranta, ɗalibai, 'yan ƙwadago da ma'aikatan gwamnati. A zaɓen lardi na 1970 jam'iyyar ta sami kashi 23 na ƙuri'u da kujeru 7, kuma 6 daga cikinsu a gabashin Montreal suke. A wannan zaɓen manoma da yawa sun karkata ga tsohuwar jam'iyyar Union Nationale da kuma 'yan Créditistes, waɗanda suka ci kujeru 12 da kukan cewa bankuna da manyan birane sun danne talakan ƙauye. Ma'ana, fushin karkara ya riga 'yan a-ware zuwa, kuma ya daɗe yana neman wanda zai ɗauke shi.

Dalilan fushin nan kuwa a fili suke. A 1969 gwamnatin tarayya ta ƙwace kusan eka 97,000 na ƙasar noma mai kyau a Mirabel domin gina filin jirgin sama, filin da bai taɓa buƙatar ko kusa da wannan faɗi ba, kuma a 2004 aka daina jigilar fasinja a cikinsa gaba ɗaya. A 1970 an tayar da iyalai sama da 200 daga yankin Forillon da ke Gaspésie domin kafa gandun shaƙatawa na ƙasa, aka ƙona gidajen da suka bari. A shekarun nan ne kuma masu tsare-tsare suka yanke hukuncin rufe wasu ƙauyukan gabashin lardin da suka ce ba za su iya riƙe kansu ba, har mutane suka tashi da gangamin da aka sani da Opérations Dignité, limaman cocinsu suna kan gaba. Ki lura da cewa wasu daga cikin waɗannan ayyuka da hannun gwamnatin lardin a ciki, ba ta tarayya da ke Ottawa kaɗai ba. Abin da mutumin ƙauye ya koya daga cikinsu shi ne cewa ana iya zama a wani ofishi mai nisa a ja layi a kan taswira, gobe ya wayi gari ba shi da gona.

Da Parti Québécois ta hau mulki a 1976 da kujeru 71 cikin 110, ta yi abin da ya ɗaure karkara a jikinta na tsawon shekaru. Ministan gona Jean Garon ya kawo dokar kare ƙasar noma ta 1978, wadda ta hana masu gine-gine cinye gonaki, kuma gwamnatin ta faɗaɗa tallafi da inshorar manoma. Manomin da ya zaɓe ta a 1981 yana da dalili a hannunsa, ko da ya ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1980, wadda masu son ɓallewa suka sha kaye a cikinta da kashi 40.4.

Sai maganar harshe, wadda ita ce rabin amsar tambayarki. A 1995 sakamakon ya tashi kashi 50.58 na masu cewa a'a da kashi 49.42 na masu cewa e, tazarar ƙuri'u kusan 54,000 kacal. Kusan kashi 60 na masu magana da Faransanci sun ce e, yayin da masu magana da Ingilishi da baƙin da suka zo daga wasu ƙasashe suka ce a'a da rinjaye fiye da kashi 90. Waɗannan rukunoni biyu na ƙarshe a Montreal da kewayenta suka taru. Idan kika cire su daga lissafi, tazarar da ke tsakanin birni da ƙauye takan ragu ƙwarai, domin unguwannin ma'aikata masu Faransanci na gabashin Montreal e suka ce. Saguenay da kika ambata kusan kowa a cikinta Bafaranshen Kanada ne, yanki ne na masana'antun alminiyam da na takarda inda ƙungiyoyin ƙwadago suke da ƙarfi, kuma daga can Lucien Bouchard ya fito, mutumin da ya ja ragamar yaƙin neman ƙuri'ar e a makonnin ƙarshe.

Akwai kuma yankin Beauce, wanda nake so ki sa a aikinki domin yana karya saurin yanke hukunci. Karkara ce, masu Faransanci ne kusan duka, amma a'a suka ce a 1995. Yanki ne na ƙananan masana'antu masu sayar da kaya a sauran Kanada da Amurka, kuma mutanensa ba su da yarda da babbar gwamnati ko ta wane birni ce. Haka yankin Outaouais da ke maƙwabtaka da Ottawa, inda dubban mutane suke cin abinci da aikin gwamnatin tarayya. Wannan yana nuna cewa zatonki na farko bai ɓace ba: inda mutum ya ga asarar da zai yi ƙarara, yakan ja da baya.

Tsohon Ɗan Jarida:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan Quebec, sai dai bayanin harshe ba ya aiki a yammacin Kanada, domin manomin Alberta da ɗan kasuwar Toronto harshensu ɗaya. A can maganar dukiya ce da kujeru, kuma tana da daɗaɗɗen tarihi. An kafa lardunan Alberta da Saskatchewan a 1905, amma ba a miƙa musu iko a kan ƙasarsu da ma'adinansu ba sai a 1930, alhali tsofaffin larduna irin su Ontario da Quebec suna da wannan iko tun farko. Shekaru da dama manomin alkama yana sayen injinan da harajin shigo da kaya ya tsadantar domin kare masana'antun Ontario, yana kuma sayar da hatsinsa a farashin kasuwar duniya. Wannan ƙorafi ya zama gado da uba yake bar wa ɗa.

A watan Oktoba na 1980 gwamnatin Pierre Trudeau ta fito da tsarin makamashi na ƙasa, wanda ya riƙe farashin man Alberta ƙasa da na duniya, ya kuma ƙara kason tarayya. Abin ya zo daidai da lokacin da kuɗin ruwa na bankuna ya haura kashi 20, manoma masu bashi suna rasa gonakinsu, kamfanonin haƙar mai suna kwashe injinansu zuwa Amurka. A ƙauyukan Alberta kuwa gona da rijiyar mai tare suke tafiya, domin gidaje da yawa da albashin filin mai suke tallafa wa noman. A watan Fabrairu na 1982, a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Olds-Didsbury da ke arewacin Calgary, Gordon Kesler na jam'iyyar Western Canada Concept ya yi nasara, ya shiga majalisar lardi a matsayin ɗan a-ware. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci ga tambayarki, Malama. Firimiya Peter Lougheed, shugaban gwamnatin lardin, ya kira babban zaɓe a watan Nuwamba na shekarar, ya ci kujeru 75 cikin 79. 'Yan a-waren sun sami kusan kashi 12 na ƙuri'u, ba su sami kujera ko ɗaya ba, Kesler kansa ya faɗi. Mutanen da suka aika shi majalisa a Fabrairu sun san zaɓen cike gurbi ba ya sauya gwamnati, don haka suka yi amfani da shi suka ɗaga murya. Da aka zo zaɓen wanda zai riƙe lardi, suka koma ga wanda suka ga zai iya karawa da Ottawa.

Kusan shekara 40 bayan haka aka maimaita. A zaɓen tarayya na 2019 jam'iyyar Conservative ta ci kujeru 33 cikin 34 na Alberta da duka 14 na Saskatchewan, ta kuma fi kowace jam'iyya yawan ƙuri'u a faɗin ƙasa, amma Justin Trudeau ne ya kafa gwamnati, saboda a lokacin Ontario da Quebec kaɗai suna da kujeru 199 cikin 338. Ki ɗora wannan a kan harajin hayaƙi da ya fi cizon wanda yake tuƙa doguwar tafiya yana busar da hatsi da gas, da dokokin bindiga da mafarauta da makiyaya suka ɗauka an yi su ne domin matsalar birni, da soke aikin bututun Northern Gateway a 2016. Daga nan jam'iyyar Buffalo ta 'yan a-ware ta fito a Saskatchewan. A zaɓen lardi na 2020 ta tsayar da 'yan takara 17 kawai, ba ta kai kashi 3 na ƙuri'un lardi ba, amma ta zo ta biyu a mazaɓu 4, dukkansu na noma da mai, har da Estevan da Kindersley.

Ni a ganina ƙarfin irin waɗannan jam'iyyu yana cikin tsoron da suke jefawa a zuciyar jam'iyyar da take mulkin lardi. Masu ra'ayin riƙau na Alberta ba su manta da 2015 ba, shekarar da ƙuri'arsu ta rabu biyu, jam'iyyar NDP ta wuce ta tsakiya ta karɓi mulki. Tun daga lokacin duk shugabansu yana sa ido a kan ƙauyuka. Dokar ikon Alberta da gwamnatin Danielle Smith ta zartar a Disamba 2022, da makamanciyarta ta Saskatchewan a 2023, duk ƙoƙari ne na riƙe waɗannan masu zaɓe a cikin gida. Mutum yana iya ƙin abin da suke nema, amma ba daidai ba ne a ce ba su san abin da suke yi ba.

Ɗalibar Siyasa:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya ƙara ilimi. Yanzu na fahimci cewa zaɓen jam'iyyar a-ware daban, zaɓen ɓallewa daban. Sai dai wani abu ya rage mini. Idan jama'ar karkara ba su kai na birni yawa ba, ta yaya 'yan a-waren Kataloniya suka riƙe majalisar yankinsu na tsawon shekaru, har suka kai ga shirya ƙuri'ar 1 ga Oktoba 2017 da ayyana 'yancin kai? A can dai ba a iya cewa saƙo kawai ake aikawa ba, tunda an kai ga aikatawa.

Mai Nazarin Zaɓe:

'Yar'uwa, amsar tana cikin yadda aka raba kujeru. Majalisar Kataloniya tana da kujeru 135: lardin Barcelona 85, Tarragona 18, Girona 17, Lleida 15. Lardin Barcelona yana ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a, amma kujerunsa kashi 63 ne kawai, don haka kujera a Lleida ba ta cin ƙuri'un da take ci a Barcelona. Wannan rabo tun zaɓen 1980 ake amfani da shi, domin har yau jam'iyyun yankin ba su amince da dokar zaɓe tasu ta kansu ba. Sakamakonsa a bayyane yake. A 2015 jam'iyyun a-ware sun sami kashi 47.8 na ƙuri'u da kujeru 72. A Disamba 2017 sun sami kashi 47.5 da kujeru 70, duk da cewa jam'iyyar Ciudadanos mai adawa da ɓallewa ce ta zo ta ɗaya da kujeru 36. Rinjayen majalisa da aka yi amfani da shi wajen ayyana 'yancin kai bai tsaya a kan rinjayen ƙuri'u ba a wancan lokaci. Irin wannan fifiko ga karkara ba a Sifaniya kaɗai yake ba. A Quebec a 1966 Union Nationale ta kafa gwamnati da kashi 41 na ƙuri'u, jam'iyyar Liberal mai kashi 47 ta koma adawa.

Game da dalilin da ya sa ƙauyukan suke zaɓen haka, abin da Malamin Tarihi ya faɗa a kan Montreal ya dace da Barcelona. Tsakanin shekarun 1950 da 1970 ɗimbin ma'aikata sun ƙaura daga Andalusiya da Extremadura da Murcia zuwa masana'antun da ke kewaye da birnin, suka cika garuruwa irin su L'Hospitalet da Cornellà da Santa Coloma de Gramenet. 'Ya'yansu da jikokinsu Sifaniyanci ne harshen gidansu, kuma suna da dangi a kudancin ƙasar. A karkarar Kataloniya kuwa, a yankunan Osona da Berguedà da Garrotxa, Katalanci ne harshen gida da kasuwa da majami'a, tashar talabijin ta yankin ake kallo, kuma jam'iyyar Jordi Pujol, wanda ya mulki yankin daga 1980 zuwa 2003, ta dasa saiwa a ƙananan hukumomi. Lokacin da wannan jam'iyya ta sauya daga neman ƙarin cin gashin kai zuwa neman 'yanci, bayan kotun tsarin mulki ta rage ƙarfin dokar yankin a 2010, magadan garuruwanta da mabiyansu suka bi ta. A ƙaramin garin Arenys de Munt aka fara ƙuri'ar gwaji a 2009, a Vic aka kafa ƙungiyar ƙananan hukumomi masu goyon bayan 'yanci a 2011, kuma Carles Puigdemont, shugaban gwamnatin yankin a lokacin ƙuri'ar 2017, ɗan ƙauyen Amer ne da ya yi magajin garin Girona. Masana tarihi sun daɗe suna nuna cewa waɗannan yankunan tsaunuka su ne suka mara wa 'yan Carlista, masu tsananin riƙo da gargajiya, baya a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, suna kare tsofaffin dokokinsu na gargajiya daga gwamnatin Madrid mai son tattara iko. A nan riƙo da gado da neman ɓallewa ba su saɓa wa juna ba, domin a idon mutumin Berga ƙasar da ke ƙoƙarin sauya masa harshe da doka ita ce mai kawo sabon abu.

Ki kuma duba kwarin Aran da ke can arewa maso yamma. Tsaunuka ne, ƙauyuka ne, amma goyon bayan 'yancin Kataloniya yana da rauni a can, saboda suna da harshensu na Aranci da tarihin cin gashin kansu, kuma Barcelona ma nesa take a gare su. A watan Fabrairu na 2024 manoman da suka fito da taraktocinsu a 2017 domin kare rumfunan zaɓe sun sake fitowa da su, wannan karon suka cika titunan Barcelona suna kukan fari da yawan takardun hukuma, kuma gwamnatin 'yan a-ware ce a kan mulki. A zaɓen Mayu na shekarar jam'iyyun a-ware suka rasa rinjayensu, suka tsaya a kujeru 61, har da 2 na sabuwar jam'iyyar Aliança Catalana mai tsananin ƙin baƙi, wadda shugabarta ita ce magajiyar garin Ripoll.

Malama Mai Koyarwa:

Ina neman afuwar malamai, ina da ja a kan tushen tambayar ita kanta. Ina jin tsoron kada ɗalibarmu ta rubuta cewa doka ce karkara ta bi 'yan a-ware, alhali Sikotland tana nuna akasin haka. Gaskiya ne cewa jam'iyyar SNP mai neman 'yancin Sikotland daga karkara ta yi ƙarfi: a zaɓen Oktoba 1974 ta ci kujeru 11, galibinsu a yankunan noma da kamun kifi, kuma Alex Salmond, tsohon shugabanta, ya shafe shekaru yana wakiltar arewa maso gabas. Amma a ƙuri'ar raba gardama ta 2014, wadda masu cewa a'a suka ci da kashi 55.3, ƙananan hukumomi 4 ne kacal cikin 32 suka ce e, wato Glasgow, Dundee, North Lanarkshire da West Dunbartonshire, dukkansu birane ne ko tsofaffin yankunan masana'antu. Tsibiran Orkney sun ce a'a da kashi 67, yankunan noma da ke kan iyaka da Ingila suka biyo su, Aberdeenshire ta Salmond ma a'a ta ce da kusan kashi 60. A 2017 Salmond ya rasa kujerarsa ta Gordon, Angus Robertson ya rasa ta Moray, duka biyun ga jam'iyyar Conservative. Masuntan wannan gaɓa sun fi jin haushin dokokin kamun kifi na Tarayyar Turai fiye da na Landan, kuma SNP tana goyon bayan zama cikin Tarayyar.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, ya danganta da wanda jam'iyyar ta yi wa alkawari da kuma abin da 'yancin zai zama a idon mai zaɓe. Inda aka sayar da shi a matsayin kare harshe da ƙasa da sana'ar gado, karkara takan saya. A Wales, nutsar da ƙauyen Capel Celyn a 1965 domin kai wa birnin Liverpool ruwa ya taimaka wajen nasarar Gwynfor Evans na Plaid Cymru, jam'iyyar masu kishin Wales, a Carmarthen a 1966. Inda aka sayar da shi a matsayin hanyar kuɓuta daga tsuke bakin aljihu da rashin aikin yi, talakan birni ne yake saya. Kuma ƙuri'ar karkara ba ta da wuyar komawa ga jam'iyyar da ta ɗauki kukan ta ajiye maganar ɓallewa. A Jamus, jam'iyyar Bayernpartei mai neman 'yancin Bavariya ta sami kashi 17.9 a zaɓen jihar Bavariya na 1950, mafi yawa daga manoman kudu da gabas, amma jam'iyyar CSU mai ra'ayin riƙau ta haɗiye masu zaɓenta a cikin shekaru kaɗan ta hanyar zama muryar Bavariya a cikin Jamus.

Malamin Tarihi:

Malama ta yi gaskiya, kuma na karɓi gyaran. Quebec ma ta bi hanyar Bavariya a zaɓukan 2018 da 2022. François Legault tsohon minista ne a gwamnatin Parti Québécois, ya fita ya kafa jam'iyyar CAQ da alkawarin kare Faransanci da ƙarin iko ga lardi ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba. A 2018 ya ci kujeru 74 cikin 125, a 2022 ya ci 90, kuma a wannan zaɓe ya share Saguenay–Lac-Saint-Jean gaba ɗaya. Parti Québécois ta tsira da kujeru 3, ɗaya a Montreal, biyu a can gabas mai nisa, Matane-Matapédia da tsibiran Madeleine. Yawancin waɗannan masu zaɓe gyara kayanka suke cewa, ba lallai sauke mu raba ba, ko da yake akwai tsayayyen rukuni a cikinsu da ya yi imani da ƙasa tasa, kuma bai kamata a raina imaninsa ba.

Akwai wasu mutanen karkara da ba mu ambata ba tun da aka fara, kuma aikinki ba zai cika ba sai da su, Malama. Kwanaki kaɗan kafin ƙuri'ar 1995, al'ummar Cree ta arewacin Quebec, 'yan asalin ƙasa, ta shirya tata ƙuri'ar a ƙarƙashin jagorancin Matthew Coon Come, kashi 96 suka ce ba su yarda a fitar da su da ƙasarsu daga Kanada ba. Inuit na yankin Nunavik suka yi tasu, sakamakon ya zo kusan iri ɗaya. Yankunan da suke zaune a ciki sun fi rabin faɗin lardin, kuma a can manyan madatsun ruwan da suke ba Quebec wutar lantarki suke. Hujjarsu ita ce, idan Kanada tana rabuwa saboda wata al'umma ta ga an mayar da ita saniyar ware, to Quebec ma tana rabuwa da wannan hujja. A Alberta haka shugabannin 'yan asalin ƙasa suke tsaye a kan cewa yarjejeniyoyi na 6 da na 7 da na 8, waɗanda aka ƙulla a 1876 da 1877 da 1899, da masarautar Birtaniya aka ƙulla su tun kafin a haifi lardin a 1905, don haka majalisar lardin da ke Edmonton ba ta da hurumin fita da ƙasar da suka shafa. Taswirar zaɓe takan ɓoye su saboda mazaɓunsu manya ne jama'arsu kaɗan. Idan za ki zana taki taswirar, ki nemi sakamakon rumfa-rumfa na mazaɓar Ungava a 1995, ki ware ƙauyukan Cree da na Inuit daga garuruwan masu haƙar ma'adinai irin su Chibougamau, ki kwatanta su.